Ranar da Surukina Ya Warware Rawaninsa

Ni ba mutumin hawan dutse ba ne. A cikin birnin Kano na tashi, Dala ma sau ɗaya na taɓa hawa muna yara, na sauko ina tambayar abokaina me aka ce mu je mu gani. Da na zo Guangzhou ta ƙasar Sin na kama aikin tura kaya gida, hawan da na sani bai wuce na lifta ba. A zaune nake wuni, waya a kunne, in ba ranar loda kwantena a tashar jiragen ruwa ta Huangpu ba, ita ma inuwa nake samu in tsaya ina nuni da hannu. Kafin in ankara na ajiye tumbi, wandunan da na zo da su duk suka ƙi ni.

Surukina kuwa, mahaifin matata, mutumin Agadas ne. Ya daɗe a ƙasar Sin kafin in zo, yana da ɗan shago a unguwar Dengfeng inda yake haɗa injinan ban-ruwa da farantan sola yana turawa Nijar. Dogo ne siriri, ba ya son yawan magana, kuma kullum da rawani. Zafin Guangzhou da yake jiƙa mutum sharkaf tun kafin ya kai tashar jirgin ƙasa bai taɓa sa shi ya sauke shi ba. Matata ta ce ita kanta da wuya ta tuna ranar da ta ga kan mahaifinta a buɗe.

Tsakanina da shi kunya ce irin ta gida, ba mu baro ta a can ba. In na hango shi a layin Dengfeng sai in faɗa shagon waya mafi kusa, in tsaya ina juya abin da ba saya zan yi ba har ya wuce. Ba wani abu ne ya haɗa mu ba. Mutumin kirki ne, ya ba ni 'yarsa bai wahalar da ni ba. In gaisuwa ta kama sai in durƙusa kaina a ƙasa, shi kuma ya amsa yana kallon gefe. Ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba. In ya zo gidanmu a Panyu ganin jikarsa, nakan gaishe shi in ce ana nemana a ofis.

Sai likita ya ce masa yana da ciwon suga, ya rage shayi mai zaƙi, ya riƙa tafiya a ƙasa. Shi kuwa in ya kama abu ba ya yi masa riƙon wasa. Ya fara hawan dutsen Baiyun bayan sallar asuba, a can ya haɗu da wasu tsofaffin Sinawa 'yan fansho, yawancinsu mata, masu sanduna da hulunan rana da kwalaben ruwan zafi. Suka karɓe shi hannu biyu. Lawban suke ce masa, kamar yadda ake kiran duk mai shago, su yi ta zuba masa hira yana amsawa da Sinancinsa na kasuwa. 'Yan Dengfeng har tsokanarsa suke yi a bayan ido, wai Alhaji ya shiga ƙungiyar tsofaffin mata.

Wata rana na dawo gida na tarar da matata tana shayar da jaririyarmu. Ta ce, "Baba zai bi tsofaffin nan zuwa duwatsun Sichuan. Wai akwai wani tafki can sama, kusa da ƙanƙara."

Na ce, "Allah ya kiyaye hanya."

"Kai za ka raka shi."

Na tsaya da takalmi ɗaya a hannu. "Ni? Ni da Baba?"

"To wa zai je? Yayana yana Yamai, ni ga goyo. Mutum mai suga, in ya faɗi a can wa zai ɗaga shi, tsofaffin matan? Don Allah ka je ka kula min da shi."

Na kawo maganar aiki, ta ce lokacin hutun masana'antu ne, ba kwantenar da za ta motsa. Ashe ma ta riga ta gaya masa, ya kuma ce to. Ba yadda zan yi. Na je na sayi takalmin hawa da rigar sanyi mai kumbura, na dawo ina gwadawa a gaban madubi, matata tana dariya tana cewa na zama kamar buhun auduga.

Jirgin sama ya kai mu Chengdu, daga nan mota ta ɗauke mu wuni guda, hanya tana naɗewa tana hawa, kunnuwana suna toshewa suna buɗewa. Shugabar tafiyar wata gajeriyar tsohuwa ce, malamar makaranta a da, darasin ƙasa da duwatsu ta koyar har ta yi ritaya. Malama nake ce mata. A cikin motar ta ɗauki kwanon shayinta ta karkata shi, ta yi mana bayanin inda za mu. Ta ce a zamanin da ƙanƙara ce ta taru a kafaɗar dutse, nauyinta ya yi ta niƙa shi tana zamewa a hankali, har ta rarake shi kamar akushi, bango uku a tsaye, gefe ɗaya a buɗe. Da ta narke sai ruwa ya zauna a gindin. Baba ya gyaɗa kai, ya ce sun karanta wannan a makarantar boko da Faransanci, amma bai taɓa zaton zai gani da idonsa ba, don duwatsunsu na Azbin rana kaɗai suka sani. Wannan ce magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa, kuma ba ni yake yi wa ba.

Matsalata a hanyar ita ce abinci. Baba ya zo da guzurinsa, dabino da cuku da kilishi, kuma akwai gidajen abincin Musulmi a garuruwan da muka ratsa. Amma duk inda aka tsaya aka zauna teburi ɗaya, sai in ce na ƙoshi in fita waje. Ya lura. Sau ɗaya ya ce, yana kallon kwanonsa, "Malam, a tahiya ba a yin wannan. Ka ci." Na ce to, Baba, ban kuwa ci ba. Biskit nake gutsira a aljihu in ya juya baya. A masaukin ƙauyen ƙarshe ɗaki ɗaya aka ba mu mai gado biyu. Da kayana na kwanta, fuskata ga bango, ina fargabar kada in yi minshari.

Gari ya waye yunwa tana neman kayar da ni. Na zagaya bayan masaukin, na tarar da wata mata tana sayar da nonon shanun dutse, masu gashin nan har ƙasa. Ya yi kauri kamar kindirmo. Rabona da irinsa tun ina gida. A tsaye na sha, a bayan bango, ina waige-waige kamar ɓarawo, na ce ta ƙara min, na kuma bi shi da taliya marar nama wadda jan mai da barkono suka rufe. Na goge baki na koma cikin mutane.

Duwatsun gandu ne na hukuma, ba a shiga yadda aka ga dama. A ƙofa ma'aikata suka tara mu suka karanta mana dokoki: ba a kauce wa hanya, ba a kunna wuta, ba a tsinkar ko fure, ba a wanka ko wanki a tafkin, kuma duk abin da mutum ya shiga da shi sai ya fito da shi. Suka ba kowa leda mai kauri ta zuba shara. Na naɗe tawa na tura aljihu, na karɓi jakar Baba na haɗa da tawa. Ya ce in bari, na ce ai aikina ke nan.

Farkon hanyar katako ne aka shimfiɗa a cikin dogayen itatuwa, rafi yana gudu a gefe, ruwansa fari kamar an zuba madara. Na fara da sauri don a ga ƙuruciya. Ba mu yi nisa ba na ji numfashina ya gajarta. Ina jan iska amma kamar ba ta kai inda ya kamata. Kaina ya fara sarawa daga ƙeya. Tsofaffin matan da na wuce ɗazu suka riƙa wuce ni ɗaya bayan ɗaya, sandunansu suna ƙwas-ƙwas a kan katako, kowacce ta ɗaga min hannu ta ce, "Jayo! Jayo!" wato in ƙara ƙoƙari. Wata da ta isa ta haife ni ta tsaya ta manna min gwangwanin iska a hanci, ta dafa kafaɗata kamar jikanta.

Baba bai wuce ni ba. Takunsa ɗaya ne tun daga ƙofa, ba sauri ba nawa, kamar mai auna ƙasa. Da ya iso inda na tsaya ina haki, sai ya zare jakarsa daga kafaɗata. Can gaba da na sake tsayawa, ya miƙo hannu ya kama tawa.

"A'a Baba, don Allah."

"Dusuma, Malam. A hankali. Dutse ba ya son gaggawa."

Haka wanda aka aiko ya kula da tsoho ya koma yana bin tsohon a baya, hannu wofi, tsohon da jaka gaba da baya.

Tun muna cikin itatuwan cikina ya fara ƙugi yana murɗawa. Banɗaki na ƙarshe yana daidai inda katakon ya ƙare. Na gan shi, na kuma ga allon da ke cewa babu wani a gaba. Amma Baba yana tsaye a bakin wurin yana jirana, sai na kasa shiga yana kallo. Na ce a raina zai lafa. Muka wuce.

Daga nan itatuwa suka ƙare, sai tsakuwa da manyan duwatsu da iska mai yankan kunne. Hawan ƙarshe ya miƙe tsaye. Ban san yadda na gama shi ba, na dai san takalman Baba nake kallo, inda ya ɗauke ƙafa nan nake sa tawa. Zufa nake yi a cikin wannan sanyin. Ya waiwayo ya ce, "Mi ya same ka? Fuskarka ta sake." Na ce, "Ba komai, Baba."

Sai ga mu a bakin akushin. Bango uku na baƙin dutse sun tashi sama kamar an yanka su da wuƙa, ƙanƙara kwance a tsagoginsu, wata tana rataye kamar za ta faɗo. A gindinsu tafkin yake, ba ya motsi, launinsa tsakanin shuɗi da kore, irin wanda ban taɓa gani a atamfa ko a fenti ba. Tsofaffin da suka wuni suna surutu duk suka yi tsit. Na ji Baba yana tasbihi ƙasa-ƙasa. Ni kuwa, Allah ya sani, abin da idona ya fara nema shi ne maɓoya. Babu. Ba bishiya, ba ciyawa mai tsawo, ba abin da zai ɓoye ko akuya. Sai wani dutse guda a gefen hanya, tsawonsa bai wuce ƙuguna ba.

Na nufe shi ina takawa a matse. Saura kaɗan in kai, tsakuwa ta zame a ƙarƙashin sabon takalmina, na tafi da baya na zauna da ƙarfi. Abin da na wuni ina riƙewa ya ƙwace.

Ban tashi ba. Na zauna a wurin, hannuwana a kan tsakuwa, ina jin ɗumin abin yana bin ƙafata yana komawa sanyi. Ni magidanci, mai 'ya, mai ofis, wanda ma'aikata ke ce wa lawban. Na roƙi Allah ya sa kowa ya manta da ni a nan.

Na ji takun Baba. "Ƙafa ce?" ya tambaya, yana sunkuyowa. Na kawar da kai. Bai sake tambaya ba, don iska ta riga ta gaya masa. Ya miƙe a hankali, ya juya ya kalli bangon dutsen kamar akwai abin da yake karantawa a jiki. Malama ta hango mu ta taho da 'yar jakar magani. Ya ɗaga mata hannu tun daga nesa.

"Meyo, meyo," ya ce, wato babu komai. Ya gaya mata salla za mu yi a nan, su zagaya ɗaya gefen tafkin, za mu same su. Ta tsaya jim, ta dube shi, ta dube ni, sannan ta juya ta tattara mutanenta ta yi gaba da su.

Da suka yi nisa, Baba ya ajiye jakunkunan. Ya kai hannu bayan kunnensa ya zaro bakin rawanin, ya fara warwarewa. Zagaye bayan zagaye, yadin yana taruwa a hannunsa. Da ya gama sai ga kan wani tsoho da ban sani ba: ƙarami, sanƙo a tsakiya, farar furfura a gefe, da wani tsohon tabo a saman goshi. Kunnuwansa suka yi ja nan take don sanyi. Ya kafa sandarsa da tawa a tsakanin duwatsu, ya ɗaure rawanin a jikinsu ya zama labule daga dutsen nan zuwa gefen hanya. Ya ajiye min kwalbar ruwan zafinsa ta ƙarƙashi, ya koma ɗaya gefen ya juya min baya, ya riƙe yadin da hannu don iska tana neman ɗauke shi.

"Yi abin da za ka yi, Malam. Ba mai ganinka."

Ruwan bai isa ba. Ga tafki cike a gabana, amma ba dama. Dole na ce, "Baba, ya ƙare." Sai ya danne gefen rawanin da dutse, ya bi bayan tsofaffin nan da kansa a buɗe, mutumin da 'yarsa ma ba ta saba ganinsa haka ba. Ta ƙasan labulen na hango shi yana tsaye a cikinsu, suna kallon kansa suna miƙo masa kwalabensu. Ban san abin da ya ce musu ba. Ya dawo da su a rungume a ƙirji yana haki, karo na farko da na ji shi yana haki tun da muka fara hawa.

Wandona kam ya tashi daga aiki. Ina tsugune ina rawar sanyi ina tunanin yadda zan yi, sai na ga wando ya ratayo ta saman labulen. Na Baba ne, na waje mai kaurin. Ashe biyu ya sa, ya tuɓe wannan ya zauna da na ciki, wani siriri da bai fi na barci ba.

"Baba, sanyi zai kama ku."

"Sa."

Na sa. Ƙafafun sun yi min tsawo sai da na naɗe, ƙugun kuma ya ƙi haɗuwa, na bar shi a buɗe na ja rigar sanyi ta rufe. Na ciro ledar sharar da aka ba ni a ƙofa na zuba komai a ciki, har tsakuwar da ta ɓaci, na ƙulle, na sa a cikin tasa ledar na sake ƙullewa. Ina yi hawaye suna zuba, ban ma san sun fara ba. Ina jin ya ji shessheƙata, don daga bayan labulen ya yi magana, har yanzu bai juyo ba.

"Mahaifina ya daɗe kwance kafin ya rasu. Ni ke ɗaga shi, ni ke wanke shi. Ba abin da ban gani ba, Malam. Jiki ne. Kowa da ranar da nasa zai ba shi kunya."

Ya kwance rawanin daga sandunan, ya kakkaɓe, ya mayar kansa ba madubi. Sannan ya dubi rana ya ce azahar ta yi. Shi yana da alwala. Ya ce ruwan tafkin ba namu ba ne, in yi taimama da dutsen nan. Na yi. Da yake mu biyu ne, dole na tsaya a damansa, kafaɗata tana taɓa tasa. Tun ranar ɗaurin aurena ban taɓa matsowa kusa da shi haka ba. Ina jin yadda jikinsa ke kaɗawa don sanyi, amma bai gaggauta sallar ba.

Bayan mun sallame ya ci gaba da zama, ni ma na zauna a bayansa kaɗan. A nan ne na kalli wurin da kyau. Gajimare ya gangaro ta kan bangon tsakiya ya tsaya a rabi. Can sama wani abu ya fashe da ƙara kamar an harba bindiga, ƙanƙara ta zubo ta wani tsagi kamar gari daga buhu, ƙarar ta zagaya bangon uku kafin ta mutu. Tafkin bai ko motsa ba. Baba ya ce, "Ikon Allah," ya miƙo min dabino ta bayansa ba tare da ya waiwayo ba. Na karɓa na riƙe a hannu. Ban iya ci ba.

Da za mu sauka na kai hannu zan ɗauki ledar, ya riga ni. Ya ɗaure ta a bayan jakarsa.

"Baba, wannan kam ku bar min. Don girman Allah."

"Kai ka lura da ƙafafunka. In ka sake faɗuwa ba ni da wani wando."

Ban san ko wasa yake yi ba, don bakinsa yana cikin rawani. Haka muka sauko, yana gaba ina baya, ledar tana lilo a gabana duk tsawon hanyar. Ba inda zan kai idona in ba kanta ba. Tsofaffin suka cim mana. Ba wadda ta kalli wandona, ko kuma duk sun kalla sun kawar da kai, wanda ya fi zafi. Malama ta matso ta saka min wasu ƙwayoyin magani a tafin hannu, ta ce na ciki ne, ta wuce ba ta jira godiya ba.

Inda itatuwa suka fara akwai mutanen ƙauyen da ke hayar dawaki ga waɗanda suka gaza. Ni kuwa na riga na gaza. Baba ya yi magana da mai dokin, aka taru aka tura ni sama. Shi ya ƙi hawa, ya ce likita tafiya ya ce masa. Masu hawowa suna ta ɗaga waya suna ɗaukar hotonmu, ƙaton baƙin mutum a kan ɗan doki, tsoho mai rawani yana biye da jaka biyu. A ƙofar gandun ya kwance ledar da hannunsa ya jefa a babbar ganga, ya wanke hannu a famfo, ya ce mu je mu nemi shayi.

Mun dawo Guangzhou da tari a ƙirjin Baba. Ya kama shi sosai, har ya kwana biyu bai buɗe shago ba. Matata ta kai masa kunu ta dawo ranta a ɓace.

"Na ce ka kula min da shi. Yanzu dubi yadda ya dawo. Ina kake har sanyi ya shige shi haka?"

Na ce, "Ina nan kusa da shi."

"Shi kuma ya ƙi gaya min komai. Wai tafiya ta yi kyau, shi ke nan."

Washegari tana zazzage jakata don wanki, sai na ji ta yi shiru. Na leƙa. Wandon mahaifinta ne a hannunta, ƙafafun har yanzu a naɗe yadda na naɗe su. Ta dube ni.

"Ina naka?"

"Ya ɓaci a can."

Ta buɗe baki za ta yi wata tambayar, ta ga fuskata, ta fasa. Ta wanke shi daban, ta goge, ta ninke ta sa a leda ta ajiye min a bakin ƙofa kusa da takalmina. Daga ranar ba ta sake yi min maganar tarin ba.

Ledar ta kwana biyu a wurin ina tsallake ta. Na yi tunanin in ba wani ya kai, na ga wannan ya fi komai muni. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ɗauka na shiga jirgin ƙasa zuwa Dengfeng. Na tarar ya buɗe shago, yana zaune da baƙi biyu, ɗaya wani ɗan zangon Kumasi ne mai tura tayoyi, mutum mai son raha. Na durƙusa na gaishe su. Ɗan Kumasin yana ganina ya washe baki.

"Alhaji, ga ɗan rakiyarka! Gaya mana gaskiya, da wannan tumbin ya kai sama kuwa?"

Baba ya kurɓi shayinsa marar suga, ya ajiye kofin.

"Ya kai," ya ce. "Tare muka yi azahar a can." Sai ya juya ga ɗaya baƙon ya ci gaba da maganar injin da suke yi.

Na miƙa ledar da hannu biyu, na ce saƙo ne daga gida. Bai buɗe ba, ya ce in ajiye bisa kwalin can. Na ajiye na yi sallama. Har na kai bakin ƙofa na ji ya taso ya biyo ni, abin da bai taɓa yi ba. Muka tsaya a bakin titi, masu babura suna wucewa da kwalaye, kowannenmu yana kallon wani wuri daban.

"Kan ya daina ciwo?"

"Ya daina, Baba." Sannan na ce, "Ya tarin naku?"

"Da sauƙi. Ka gaida mutanen gida."

Ya koma ciki. Da na isa Panyu matata tana yanka albasa a kicin, jaririyar a bayanta. Ba ta juyo ba ta ce, "Ka ba shi?"

"Na ba shi."

"Me ya ce?"

"Ya ce in ajiye a kan kwali."

Ta gyaɗa kai, ta ce in wanke hannu abinci ya kusa.